Tsumman da Na Ɗaura

Bari in fara da gyara abin da kowa ya ɗauka ba daidai ba, don na gaji da jin sa. A Panshekara har gobe in aka zo maganata sai a ce, ai Zulai ce yarinyar da ta miƙe a gaban manaja ta wanke shi tas, aka kore ta. Ke ma Asiya kin taɓa dawowa daga Islamiyya kina ɗaga kafaɗa, wai malamarku ta ce mamanki ba ta tsoron kowa. To, gaskiya ne na miƙe, gaskiya ne na yi magana. Amma ba a kan wannan maganar aka sallame ni ba, kuma abin da ya miƙar da ni ran nan tsoro ne, ba jarumta ba. Ni ban iya dogon zagaye ba, ga yadda abin ya kasance.

Ina da shekara ashirin da biyu na samu aiki a wani kamfanin robobi a Sharada, bayan na gama sakandare na yi ta zaman gida ina taya Umma suyar awara. Bokitai muke yi da butoci da bahon wanka. Injin da aka sa ni a kai yana da bakin ƙarfe gida biyu: ya haɗe ya matse narkakkiyar roba, ya buɗe, bokiti ya fito da zafinsa. A gaban bakin akwai ƙofar gilashi. Da ka buɗe ta, wani ɗan maɓalli da ke can ƙasa ta gefe sai ya saki, injin ya tsaya cak har sai ka rufe. Wanda ya ƙera injin ya yi haka ne saboda hannun mutum. Sai dai buɗewa da rufewa suna cin lokaci, ga sufabaiza yana zagayawa yana duba tulin kowa, yana tsaki a kan wadda nata bai kai ba. Shi ya sa muka iya ɗauri. Ka samu tsumma ka ɗaure maɓallin nan ya danne, injin ya zaci ƙofa a rufe take, ya yi ta gudu. Kai kuma ka bar ta a buɗe, kana kai hannu kana fizgo bokiti tsakanin buɗewar baki da rufewarsa. Kusan kowa yana yi, sufabaiza ma ya sani, kawar da kai kawai yake. Doka ɗaya ce a tsakaninmu, ba a rubuce take ba: wadda ta ɗaura ita za ta kwance kafin ta tashi, ko ta faɗa wa mai karɓarta baki da baki.

Mai karɓata ita ce Yaya Hajo. Ni ina aikin safe, ita na rana, ƙarfe biyu muke canji. Mutuniyar Maraɗi ce, ta girme ni da kusan shekara ashirin, mijinta maigadi ne a Bompai, 'ya'yanta uku. Ita ta koya mini aikin a satina na farko. Takan zo da dambun zogale a 'yar samira, ta tura mini rabi ko na ce na ƙoshi. Ran Lahadi kuma kitso take yi a tsakar gidansu, duk layin nan kanta suke zuwa, ni ma ita ke yi mini shuku. Wuta take kirana, don ta ce ba ta taɓa ganin na yi tafiya ba sai gudu.

"Wuta, ki tsaya ki haɗiye lomar mana. Bokitin nan ba aure zai yi ya bar ki ba."

Ranar da abin ya faru, kamun wata ƙawata ake yi a Na'ibawa. Tun safe hankalina yana can. Na yi ɗauri don in cika tulina da wuri. Biyu ta yi, Yaya Hajo ta tsaya sallar azahar, ta makara da 'yan mintoci. Ina hango ta daga bakin ƙofa na tura ƙofar gilashin na rufe, na suri jakata.

"Yaya, na wuce, an fara babu ni!"

"Je ki, Wuta, a gai da amarya."

Iyakar abin da muka ce ke nan. Ban kwance ba, ban faɗa ba. Wallahi ban ma tuna ba. Ina zaune a gidan biki, an zana mini lalle ina riƙe da hannuwana sama don kada ya ɓaci, wata ta kara mini waya a kunne. Bokiti ne ya maƙale, Yaya Hajo ta buɗe ƙofa kamar yadda aka tsara, ta amince injin zai tsaya, ta kai hannun dama. Yatsu uku. Kafin mai wayar ta ƙarasa na riga na san dalili. Na zauna ina kallon hannuwana, ƙawaye suna cewa kada in motsa, bai bushe ba.

Washegari da na je babu tsumma a jikin maɓallin. Sufabaiza ya kalle ni, na kalle shi, ya ce in kama aiki. Bayan kwana huɗu aka manna takarda a allon sanarwa, wai bincike ya nuna sakacin ma'aikaciya ne. Kin san abin da wannan kalmar ke yi wa mutum a Sharada? Sufabaizojin nan duk sun san juna, shayi ɗaya suke sha. Wadda aka rubuta wa sakaci, ko shara ba za a ba ta ba daga nan har Challawa.

Sai kuma aka shirya taron ban-haƙuri, don maganar ta fara yawo a wayoyin mutane. Aka tara mu a rumfar da ake ajiye babura, aka raba lemo da biskit, aka kawo mai hoto. Manaja ya zo cikin farar shadda, ya ciro takarda daga aljihu. Na haddace ta don na sha maimaita ta a raina.

"Hukumar kamfani tana matuƙar baƙin ciki da tsautsayin da ya auku. Idan akwai wanda ransa ya ɓaci, muna ba shi haƙuri. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Muna kira ga ma'aikata da su guji sakaci. Mu duka iyali ɗaya ne."

Ko sunanta bai ambata ba. Ni kuwa tun da ya fara nake jiran wani ya ce, to wa ya tashi daga kan injin nan kafin ita? Jiran ya fi ƙarfina. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, sunanta Hajo. Ba ranta ne ya ɓaci ba, yatsunta ne suka tafi. Haƙurin me kuke ba mu, in ba ku yi komai ba? In kuma kun yi, ku faɗi abin da kuka yi!"

Sai wata daga baya ta rangaɗa guɗa, aka hau tafi. Manaja ya yi murmushi ya ce, "Allah Ya huci zuciyarki, 'yata," ya ninke takardarsa ya shiga mota. Ba wanda ya taɓa ni. Korata a lokacin za ta ɓata musu hoto. Daga ranar na zama jaruma, kuma na gane wani abu da nake jin kunyarsa har yau: duk wanda ya ji ihun da na yi ba zai ƙara tunanin ya tambaye ni komai ba. Na ɗaure bakin mutane kamar yadda na ɗaure maɓallin.

Wata biyu na yi a haka. Na je asibiti sau biyu, kullum cikin ayari, ina tsayawa a baya. Da aka sallamo ta sai na fara bi ta wani layin don kada in wuce ƙofar gidansu. Kaina ya cukurkuɗe, Umma tana faɗa, na ce ba ni da lokacin kitso.

Sai ga jajibirin azumi. Kin san yadda muke yi, waya ta cika da saƙonni, duk wanda na ɓata wa ya yafe mini, ni ma na yafe wa kowa. Mata suna shiga gida-gida ana a yafi juna. Na ce to ga ƙofa Allah Ya buɗe mini. Na sayi dabino da sukari na tafi. Na same ta a tsakar gida tana koyon tsintar shinkafa da hagu, hannun daman a naɗe cikin gefen zani. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, na karanto abin da na shirya tun a hanya.

"Yaya, ga azumi ya zo. Duk abin da na yi miki, da wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini."

Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana duba na. Kamar tana jiran ƙarashe. Ni kuwa na gama.

"Na yafe, ɗiyata. Allah Ya yafe muna baki ɗaya."

Na fito ina cewa shi ke nan, na sauke. Ban kai bakin titi ba na ji muryata a kunnena, na kuma ji muryar manaja, na rasa wadda ta fi wata. Shi ya zo da lemo da biskit, ni na zo da dabino da sukari. Shi bai faɗi sunanta ba, ni ban faɗi sunan laifina ba. Na ma fi shi wayo, don ni na sa ta furta cewa ta yafe abin da ban gaya mata ba.

Ran uku ga azumi na kasa riƙewa. Da la'asar ne, Umma tana dama kunun tsamiya, Baba yana kan tabarma a gindin dalbejiya yana gyaran igiyar guga. Kakanki shekara ashirin da wani abu ya yi a kamfanin fata a Challawa kafin ƙirji ya zaunar da shi, har ya rasu faratansa ba su koma kalarsu ba. Na tsaya a tsakiyarsu na faɗa, ba gaisuwa ba shimfiɗa. Ni na ɗaure injin, ni na manta. Umma ta saki muciya.

"Wa kika gaya wa?"

"Ku kaɗai."

"To ya tsaya a nan. Allah Ya rufa miki asiri, ke za ki tona da hannunki? Ba da gangan kika yi ba. Kin je kin nemi yafiya, ta ce ta yafe. Yatsun za su dawo ne in kin yi tallan kanki? Ga shi an sa ranarki bayan sallah. So kike dangin yaron nan su ce mun ba su wadda ta nakasa mutum?"

Yaron nan babanki ne. Kada ki ga laifin Umma, tsoro take ji mini, kuma duk abin da ta lissafa yana iya faruwa. Baba bai ɗago ba, yana ta murza igiyarsa. Sai da Umma ta ce, Malam, ku sa baki mana, sannan ya yi magana.

"Lokacin da ruwan fata ya ɓata gonakin bakin kogi, ina cikin waɗanda aka tura gidan mai unguwa. Aka jera mu, babba ya ce a yi haƙuri da abin da ya faru. Manoman suka ce ba komai. Ni na san wanda ya ba da umarni a buɗe wa ruwan hanya, na san wanda ya buɗe, don ina tsaye a wurin. Ban ce uffan ba. Har yau in na haɗu da ɗaya daga cikin mutanen nan a masallaci, sahun baya nake komawa."

"Baba, to me kuke so in yi?"

"Ni ban ce ki yi komai ba, uwata. Haƙƙin Allah, tsakaninki da Shi ne, Ya san abin da kike nufi ko ba ki faɗa ba. Shi kuwa mutum, sai an gaya masa."

Umma ta ce wannan ba sa baki ba ne, zuba fetur ne. Ta koma kan kununta tana share ido da bakin mayafi. Amma washegari da hantsi da ta ga na ɗauki hijabi, ba ta hana ni ba. Cewa kawai ta yi in tafi da awara, kada in shiga gidan mutane hannu sake.

Lahadi ce. Tsakar gidan da a da ba ka samun wurin zama saboda masu jiran kitso, ran nan babu kowa sai kaji. Yaya Hajo tana zaune da ƙaramar 'yarta a tsakanin ƙafafunta, tana ƙoƙarin kama mata gashi da babban yatsa da ɗan ali, yana zamewa, yarinyar tana mita. Ban durƙusa ba wannan karon, don na san in na sunkuyar da kai zan sake karanto wani abin. A tsaye na faɗa.

"Yaya, ni na ɗaure maɓallin. Ban kwance ba, ban gaya miki ba, saboda ina saurin zuwa kamu. Da aka rubuta miki sakaci na yi shiru. Ihun da na yi wa manaja, don kada a tambaye ni ne. Zuwan da na yi da dabino ma, wayo ne."

Ta sallami yarinyar ta ce ta je ta yi wasa. Sannan ta nuna mini tabarma.

"Zauna, Wuta. Ko laifi za ki faɗa sai kin faɗe shi da gudu?"

Na zauna. Ta ce da ta faɗi ƙasa ran nan, fuskarta daidai maɓallin ta sauka. Kafin ta suma ta ga tsumman, ƙyallen atamfa shuɗi mai zanen kifi, ragowar ankon da na yi sati ina nuna mata a waya. Ta ga lokacin da sufabaiza ya kwance ya tura aljihu.

"Tun ran nan kin sani? Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Su ɗauke sakaci daga kaina su ɗora miki, su wanke hannunsu? Ke ga aure a gabanki. Na ce bari in jira ta, za ta zo. Da kika zo da dabino na ce to ga ta, sai kika karanta mini saƙon waya." Ta yi 'yar dariya. "Ran nan na yi kuka, ɗiyata. Yatsun ma ban yi musu irin kukan ba."

Nan na fashe. Ni da na zo ba da haƙuri, ita ta koma tana lallashina, tana bubbuga bayana da hannun nan mai ciwo. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in share fuska, azumi nake, kada in ƙarar da ruwan jikina a banza.

"Yanzu na yafe, don yanzu na san mi nike yafewa. Amma ki saurara. Kada ki kwashi kayan duka ki ɗora a kanki, wannan ma wani salon ƙarya ne. Ke kika ɗaura, kika manta, wannan naki ne. Ni na koya miki ɗaurin da hannuna, wannan nawa ne. Wanda ke tsaki in tuli bai kai ba, ya kuma sa tsumma a aljihu, yana da nashi. Mai farar shadda yana da nashi. Kowa ya ɗauki daidai nashi."

Na tambaye ta me take so in yi mata. Na zaci za ta ce ba komai, kamar yadda muka saba cewa. Ba ta ce ba.

"Babban ɗana ya iya karatu. Ya raka abokinsa kamfanin nan ya gani a allo, ya dawo ya tambaye ni ko gaskiya ne ni na jawo wa kaina. Wannan takardar nike so a cire. Kuma ki gaya mini, har yanzu ana ɗaurin?"

Ana yi. Sati biyu kawai aka daina. Yarinyar da aka sa a gurbinta, 'yar Jigawa, ba ta fi sha tara ba, na ga tsumma a jakarta da idona na kawar da kai.

Ta jawo ni ta zaunar a gabanta ta zare mini ɗankwali, ta ce wannan kai ko na mahaukaciya. Ba ta iya kitsawa, amma ta iya tsaga. Ita tana tsaga da tsinke tana riƙe gashin da yatsu biyu, ni ina kai hannu baya ina kitsawa yadda ta ce. Ya fito a karkace, duk wanda ya gani sai ya yi dariya. Muna cikin yi nake lissafin abin da zai biyo baya. Aikin zai tafi, wannan ba shakka. Matan da suka yi mini guɗa za su san wa suka yi wa. Maganar aure kuma sai yadda Allah Ya yi.

Kafin mu kai ƙeya na gama yanke shawara. Da yamma zan kira babanki in gaya masa da bakina, kafin ya ji a bakin wani, in ya fasa ya fasa. Ran Litinin kuma ƙarfe biyu, lokacin da masu safe ke fita masu rana ke shiga, zan tsaya a rumfar babura daidai inda manaja ya tsaya. Ba takarda, ba lemo. Zan faɗi yadda ake ɗaurin, da wanda ya sani, da inda tsumman ya shiga, kuma ba zan matsa ba sai an cire takardar nan daga allo. Amma da sunana zan fara.

Na gaya mata. Ta ja gashina har sai da na ce wash.

"To ki faɗa a hankali, Wuta, yadda na baya za su ji."